Fensir da Hular Kwano: Sharhi a Kan Fim Ɗin Last Chance U

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ake ta maimaitawa a cikin fim ɗin Last Chance U, wadda da wuya wanda ya kalle shi ya manta da ita. Wata mata ce mai suna Brittany Wagner take tare wasu samari majiya ƙarfi a kan hanyarsu ta zuwa aji, wani a cikinsu nauyinsa ya kai kilo 130, sai ta tambaye shi ko yana da fensir. Sau da yawa amsar ita ce babu. Ga shi zai shiga aji hannu rabbana, sai abin jin kiɗa da ya toshe kunne da shi. Sai ta ɗauko ta ba shi, gobe kuma a sake.

Da farko dariya abin ya ba ni. Kafin in kai ƙarshen kashi na shida na daina dariyar, domin na gane cewa makomar yaron ta fi rataya a kan wannan fensir fiye da ƙwallon da yake ta shan karo saboda ita.

Last Chance U fim ne na gaskiya, wato ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen da ke ciki da sunayensu da abin da ya same su duk haka suke. Greg Whiteley ne ya ba da umarni, kamfanin Netflix kuma ya fitar da zangon farko mai kashi shida a watan Yulin 2016. Ma'anar sunan ita ce makarantar dama ta ƙarshe. Fim ɗin ya bi ƙungiyar ƙwallon Amurka ta wata ƙaramar kwaleji a jihar Misisipi tun daga farkon kakar wasa ta 2015 har ƙarshenta. A kan wannan zango na farko zan tsaya, ko da yake zan ɗan leƙa na biyu inda buƙata ta taso. Ra'ayina a taƙaice shi ne fim ɗin ya faɗi gaskiya a kan mutanen da ya nuna, har gaskiya mai ɗaci, amma ya kau da kai daga tsarin da ya tara su a wurin, kuma shi kansa ya ci daga wannan tsari.

Wasan da matakansa

Kafin mu shiga cikin fim ɗin, ya kamata mai karatu ya san irin wasan da ake magana a kai, domin ba ƙwallon ƙafar da muka saba ba ce. Kowane ɓangare yana da ƴan wasa 11 a fili. Ƙwallon doguwa ce mai tsini a baki biyu, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa wa abokin wasa. Tsawon filin yadi 100 ne, ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma, idan ta ci sai a sake ba ta wasu huɗu, wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo a hannu kuma ya samu maki shida. Aikin abokan karawa shi ne su kayar da mai ƙwallon ƙasa ta kowace hanya da doka ta yarda. Shi ya sa kowa yake sanye da hular kwano da sulken kafaɗa.

Babbar gasar ƙwararru ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32, kuma ƙofar shigarta kusan ɗaya ce, wato jami'a. Ba a ɗaukar yaro sai ya yi shekara uku da gama sakandare, kuma a jami'a ne zai nuna kansa cikin waɗannan shekaru. Jami'o'in su ma hawa-hawa ne. A sama akwai manya kimanin 130 waɗanda ake nuna wasansu a talabijin kowace Asabar. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar ƴan kallo fiye da 107,000. Ƙasa da su akwai rukuni na biyu da na uku, inda a na ukun ba a ma ba da tallafin karatu saboda wasa. A can gefe kuma akwai kwalejojin shekara biyu, masu tasu hukumar daban mai suna NJCAA. Nan fim ɗinmu ya sauka.

Samari iri uku ne suke ƙarewa a irin wannan kwaleji. Akwai wanda ya iya wasa amma sakamakonsa na sakandare bai kai abin da manyan jami'o'i suke nema ba. Akwai wanda ya shiga babbar jami'a aka kore shi saboda laifi. Akwai kuma wanda ya shiga aka ajiye shi a benci, ko kuma tun asali ba wanda ya kula da shi. Dukkansu sun zo ne da niyyar su bar wurin da wuri. A 2015, wanda sakamakonsa ya gaza tun daga sakandare sai ya kammala kwalejin da matsakaicin maki 2.5 cikin 4 kafin babbar jami'a ta iya sa shi a wasa. Komai gudunsa, komai ƙarfinsa, idan makin bai cika ba magana ta ƙare. Daga nan tambayar fensir ta samo nauyinta.

Scooba

Kwalejin ita ce East Mississippi Community College, a wani ƙauye mai suna Scooba cikin gundumar Kemper, kusa da iyakar jihar Alabama. Mutanen garin ba su fi 700 da ɗoriya ba. Misisipi tana cikin jihohin da suka fi talauci a Amurka, kuma ita ce ta fi kowace jiha yawan baƙar fata idan aka kwatanta da adadin jama'arta. Kyamara ta yi aikinta a nan. Tana nuna mana layin dogo, shaguna a rufe, titi ba kowa, sa'an nan ta juya ta nuna filin wasa mai kyau da fitilu suna haska shi da dare. Ba wanda ya ce uffan, amma mai kallo ya gane abin da ya fi daraja a garin.

Ƙungiyar, wadda ake kira Zakuna, ta shiga kakar 2015 tana riƙe da kofin ƙasa na kwalejojin shekara biyu. Ta ci shi a 2011 da 2013 da 2014, duk a ƙarƙashin koci ɗaya, Buddy Stephens. Abin da kowa yake jira shi ne kofi na uku a jere. Masu fim ɗin ma, a ganina, labarin da suka zo ɗauka ke nan.

Taurari

Buddy Stephens shi ne wanda ya fi cika allo. Mutum ne mai jiki, mai zafin rai, bakinsa ba ya rabo da ashar. Ya san aikinsa, kuma fim ɗin bai ɓoye hakan ba. Yana iya jagorantar addu'a da yaransa, bayan minti kaɗan ya zazzage su da zagi. An kawo mana tarihin Bob Sullivan, wanda ake wa laƙabi da Bijimi, kocin da ya riƙe ƙungiyar a shekarun 1950 da 1960 kuma ya yi suna wajen tsanani, har filin wasan yana ɗauke da sunansa. Wannan ya taimaka ƙwarai, domin ya nuna cewa halin Stephens gado ne ya tarar, kuma garin yana alfahari da gadon.

Brittany Wagner ita ce mai kula da karatun ƴan wasa. Ofishinta ɗan ƙarami ne, kullum cike da samari, wani a kan kujera, wani a kwance a ƙasa. A nan ne suke cire fuskar jarumta su koma yara. Ita ke bin su ɗaki-ɗaki idan ba su je aji ba, ita ke lissafa musu makin da ya rage, ita ke sauraron abin da ba za su iya gaya wa koci ba.

Cikin ƴan wasan, Ronald Ollie ne ya fi shiga rai. Ƙato ne mai tsaron baya, mai barkwanci da yawan dariya, wanda idan abu ya dame shi sai ya yi gum, ko ya ɓace. Can cikin fim ɗin muke jin cewa yana ɗan shekara biyar mahaifinsa ya kashe mahaifiyarsa, sa'an nan ya kashe kansa. Na yaba da yadda Whiteley ya jinkirta wannan bayani. Ya bari sai da muka gaji da taurin kan Ollie, muka yanke masa hukunci a zuci, sa'an nan ya nuna mana abin da yaron yake ɗauke da shi. Mai kallo sai ya ji kunyar kansa.

Akwai D.J. Law, mai ruga da ƙwallo daga jihar Florida, wanda ya bar ɗansa ƙarami a gida, kuma karatu yake ba shi wuya fiye da kowane abokin karawa. Sai kuma mutum biyu masu takarar matsayi ɗaya, wato na madugun da ke jefa ƙwallo. John Franklin na Uku ya baro babbar Jami'ar Jihar Florida domin ba a sa shi a wasa, yana da gudu kamar barewa da yarda da kai har ta yi yawa. Wyatt Roberts kuwa farar fata ne ɗan Misisipi, ba shi da wannan gudu, amma ya fi natsuwa da fahimtar tsarin wasan, kuma shi koci ya fi sakawa. Abin mamaki, Roberts yana ta cin wasa ba babbar jami'ar da ta neme shi, Franklin yana zaune a benci masu farautar ƴan wasa suna zuwa dominsa. Wannan ɗan labari ya koya mini yadda kasuwar take fiye da duk wani dogon bayani. Masu saye tsayi da gudu suke dubawa, da abin da suke hasashen jikin zai iya yi nan gaba. Wasan da ka ci jiya bai cika damunsu ba.

Zubi da salo

Fim ɗin ba shi da mai ba da labari. Ba wata murya daga sama da ke gaya maka wane ne mai gaskiya. Abin da ake da shi shi ne hoton abin da ya faru, da hirarraki da mutanen, da muryar masu sharhin rediyon garin a lokacin wasa. Kusan kowane kashi an gina shi a kan mako guda, daga atisaye da aji da ofishin Wagner har zuwa daren wasa. Wannan zubi yana da haɗarin gundura, amma an kauce masa ta hanyar ba kowane kashi nasa mutumin, a bi shi har garinsu a ga inda ya fito.

Ɗaukar wasan kansa abin yabo ne. An sa wa koci da wasu ƴan wasa abin ɗaukar murya, kyamara tana tsaye a gefen fili daidai kafaɗar mutum, saboda haka kana jin ƙarar haɗuwar hular kwano da hular kwano, kana jin numfashi da zagi. Ko wanda bai san dokokin wasan ba zai bi labarin, domin fuskoki ake nuna masa fiye da allon maki.

Inda salon ya fi ƙarfi shi ne wajen jera abubuwa kusa da juna a bar mai kallo ya haɗa da kansa. A tsakiyar kaka, Stephens ya yi rigima da wani alƙalin wasa a gefen fili har abin ya kai ga hannu, aka dakatar da shi wasa biyu. Fim ɗin ya nuna wannan ya wuce, bai ce komai ba. Sai a kashi na ƙarshe ne za ka gane dalilin da ya sa aka ajiye maka shi.

Daren Moorhead

Tun a wasa na biyu lissafi ya fara rikicewa. Kwalejin Copiah-Lincoln ta doke Zakuna a ƙarin lokaci, ta katse musu nasara 25 a jere. A wancan lokaci ƙungiyoyi biyu da suka fi matsayi a jerin da ake fitarwa ta hanyar ƙuri'a su ne suke buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa. Wanda ya faɗi sau ɗaya, to dole ya burge masu ƙuri'a kafin ya sake hawa, hanyar burge su kuwa ita ce cin abokan karawa da tazara mai yawa. Saboda haka Stephens ya ƙi ɗaga ƙafa ko da wasa ya riga ya mutu. Sauran kwalejojin jihar suka ƙullace shi, suna ganin wulaƙanci ne da gangan.

Wasan ƙarshe kafin zagayen kifa ɗaya ƙwala an yi shi ne a watan Oktoba a garin Moorhead, gidan kwalejin Mississippi Delta. Franklin ya samu damarsa a daren, ya yi ta tsallaka layi kamar ba kowa a gabansa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci maki ya kai 48 da nema. Sai aka kayar da D.J. Law, aka ci gaba da dukansa yana ƙasa, ƴan benci na ɓangarorin biyu suka kwararo cikin fili, faɗa ya kaure, ana dukan juna har da hular kwano. Aka tashi wasan a nan. Hukuncin da ya biyo baya ya fitar da Zakuna daga sauran gasar. Sun ci wasa takwas sun faɗi ɗaya, kuma kakar ta ƙare musu ba kofi, ba ma damar neman sa.

Abin da ya faru bayan faɗan ya fi faɗan kansa nauyi. Stephens ya tara yaransa ya kira su da wata kalma mai ma'anar ƴan daba, kalmar da a Amurka aka saba jifan samari baƙar fata da ita. Yawancin yaran baƙaƙe ne, shi kuwa fari. Kyamara ta tsaya a kan fuskokinsu. Sun shiga fili ne domin kare ɗan uwansu, kamar yadda aka yi ta koya musu cewa ƙungiya dangi ce, ga shi wanda ya koya musu hakan, wanda shi ma makonni kaɗan da suka wuce aka dakatar da shi saboda faɗa, yana kiransu ƴan daba. Daga baya ya sassauto, amma magana zarar bunu ce.

A nan fim ɗin ya fi ƙarfin irin finafinan wasanni da Amurka ta saba yi, inda ake shan wuya a tsakiya a ɗaga kofi a ƙarshe. Gaskiya ce ta ƙwace alƙalamin daga hannun darakta, shi kuma ya yi hankali ya bar ta. Bai nemi ya ɗinke ɓarakar da kiɗa mai daɗi ba. Kashi na ƙarshe ya koma ofishin Wagner, inda ake jiran sakamakon jarrabawa da kiran waya daga jami'o'i, ana sallama da hawaye.

Inda fim ɗin ya gaza

Na farko, ya mayar da matsalar tsari ta zama matsalar hali. Mai kallo yana tashi da tunanin cewa da Stephens ya rage zafin rai, da an samu irin Wagner guda goma, da komai ya daidaita. Ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza. Dokar ƙuri'a ce ta sa cin mutane da maki 48 ya zama dabara, fim ɗin ya ambaci hakan amma bai je ya tambayi waɗanda suka kafa dokar ba. Ana auna koci da kofi, saboda haka zai nemo yaran da suka fi iya wasa ko da karatunsu ya yi rauni, ya yi amfani da su kaka ɗaya ko biyu, wasu su zo. Ko da an sa mai sanyin hali a kujerar, lissafin bai canza ba.

Na biyu, bai bi sawun fensirin zuwa inda ya ɓace ba. Yaya aka yi saurayi ya yi shekara 12 a makaranta, ya fito da takardar sakandare, amma rubuta shafi guda yana gagararsa? Wane ne ya yi ta ciyar da shi gaba daga aji zuwa aji saboda yana ci wa makaranta wasa ranar Juma'a? An kai mu gidajen yaran mun ga talauci, amma ba a kai mu makarantun da suka fito ba. Wannan ya sa nauyin gazawar ya koma kan yaron shi kaɗai, kamar lalaci ne kawai. Haka kuma aikin Wagner, duk da ƙaunar da take yi musu, a zahiri shi ne ta ga makin ya cika domin yaro ya cancanci wasa. Ko ya koyi wani abu da zai ci abinci da shi idan ƙwallo ta ƙare, wannan wata magana ce da fim ɗin ya taɓa sama-sama.

Na uku, akwai tsohon zubi da Amurka take so, na farar mace mai tausayi da ke ceton baƙin yaro, irin wanda aka gani a fim ɗin The Blind Side na 2009. Last Chance U ya fi wancan gaskiya nesa ba kusa ba, domin yana nuna Wagner tana gajiya, tana fushi, tana kasawa. Duk da haka, yadda aka tsara shi, masu iko da masu ceto farare ne, waɗanda ake ceto ko ake zagi baƙaƙe ne, kuma ba a tsaya an dubi wannan da kyau ba sai da kalmar Stephens ta tilasta. Iyaye mata da kakanni da ƴan uwan da suka riƙe waɗannan yara shekara 18 kafin Wagner ta san su, ɗan lokaci kaɗan aka ba su.

Na huɗu, yaran Mississippi Delta ba su da fuska a fim ɗin. Su ma samari ne irin waɗannan, daga yankin gonakin auduga da ya fi ko'ina talauci a jihar, su ma damarsu ta ƙarshe ce, kuma ana cin su 48 da nema a gaban iyayensu. Wannan ba ya wanke abin da suka yi. Amma fim ɗin da ya koya mana kada mu yanke wa Ollie hukunci kafin mu ji labarinsa, ya bar mu mun yanke wa waɗannan ba tare da mun ji ko sunan ɗayansu ba.

Na biyar, maganar jiki. Mun ga Ollie ya bugu a ka an hana shi wasa na ɗan lokaci, amma an ɗauki abin a matsayin cikas ga burinsa kawai. A shekarar 2017 masu bincike na Jami'ar Boston suka fitar da sakamakon duba ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan wasa da suka mutu. Cikin 111 da suka buga NFL, an samu cutar lalacewar ƙwaƙwalwa mai alaƙa da yawan karo a 110, cikin 53 da suka tsaya a matakin jami'a kuma an samu a 48. Gaskiya ne iyalan da suka riga suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar, saboda haka adadin ba ya wakiltar kowa. Amma ya isa ya sa ƙarar karon da fim ɗin yake ƙawata mana ta daina daɗin ji.

Kura da shan bugu

Gazawar da ta fi damuna ita ce ta kuɗi. A 2015 doka ta hana ɗan wasan kwaleji karɓar ko sisi saboda wasansa ko sunansa, abin da yake samu shi ne karatu da ɗaki da abinci. Sai a Yulin 2021 aka sassauta wa ƴan wasan jami'a su ci kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince manyan jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye. Wannan arziki a sama yake yawo, kaɗan ne yake gangarowa irin su Scooba. Damar shiga NFL kuwa, ko cikin ƴan wasan jami'o'in shekara huɗu, ba ta kai biyu cikin ɗari ba. Ana zaɓen mutum 250 da ƴan kai ne kawai a shekara.

Mu duba inda taurarin suka ƙare. Franklin ya samu Jami'ar Auburn bayan daren Moorhead, daga baya ya koma Florida Atlantic, ya kuma leƙa NFL a ƙungiyoyin Chicago da Tampa Bay, amma ba a matsayin madugun da ya yi mafarki ba. Roberts ya shiga ƙungiyar Jami'ar Jihar Misisipi ba tare da tallafin wasa ba. Ollie ya cika makinsa ya tafi Nicholls, wata ƙaramar jami'a a Louisiana, a 2019 ƙungiyar Raiders ta gwada shi ta sallame shi kafin a fara kaka. Wanda aka fara zaɓa zuwa NFL cikin taurarin fim ɗin shi ne Dakota Allen na zango na biyu, a zagaye na bakwai, wato na ƙarshe, a 2019.

A ɗaya gefen, kwalejin ta yi suna a duniya, ta sake cin kofin ƙasa a 2017 da 2018. Netflix ta yi zango biyar na ƙwallon, biyu a Scooba, biyu a Independence ta jihar Kansas, ɗaya a kwalejin Laney ta Oakland, ta ƙara da na ƙwallon kwando. Wagner ta bar aikin a 2017 ta kafa kamfaninta na ba da shawara, mai sunan da ke nufin fensir dubu goma. A farkon 2025 shida daga cikin tsofaffin ƴan wasan Scooba, har da Ollie da Franklin, suka shigar da ƙara suna neman dala miliyan 30 daga Netflix da kwalejin da hukumar NJCAA da wasu, suna cewa an sayar da rayuwarsu ba a ba su komai ba, an kuma ɓata wa wasunsu suna. Ba ni ne alƙali ba, amma Bahaushe ya riga ya yi wa irin wannan suna: kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Mutuwar iyayen Ollie ita ce ta fi komai taɓa zuciyar masu kallo, kuma da irin wannan taɓa zuciya ake tara masu biyan kuɗin wata. Fim ɗin da ya nuna mana yadda koci yake cin moriyar yaran bai taɓa juya kyamara ya nuna mai riƙe da ita ba. Ni ma da na zauna na kalla har na ji daɗi, ban fita daga lissafin ba.

Kammalawa

Duk da waɗannan, ina ba da shawarar a kalli zangon farko, musamman ga marubutanmu da masu shirya finafinai. Akwai darasi a yadda ake gabatar da tauraro ba tare da an yi masa kirari ko an tsine masa ba, da yadda ake riƙe wani bayani sai lokacin da zai yi aiki, da yadda ake barin labari ya ƙare inda ya ƙare ko da ba daɗi. Zango na biyu ma yana da nasa amfanin, domin a can ne muke ganin Stephens bayan ya kalli kansa a allo bai ji daɗin abin da ya gani ba, yana ƙoƙarin daina ashar, halin yana dawowa duk lokacin da wasa ya yi zafi. Sai dai a sani akwai zagi da yawa a ciki, ba na kallo da yara ba ne.

Wanda zai kalla, ina roƙonsa ya riƙa ɗauke ido daga kan taurarin nan huɗu ko biyar lokaci zuwa lokaci, ya dubi sauran da ke tsaye a bayansu sanye da jar riga, waɗanda ba a rubuta sunansu a allo ba. Su ne mafi yawa. Sun sha karo iri ɗaya, an kira su da kalma iri ɗaya a daren Moorhead, kuma da kaka ta ƙare suka tattara kayansu ba wanda ya bi su da kyamara. Abin da ya rage wa kowannensu shi ne abin da ya samu ya rubuta a aji, idan ya je, idan kuma ya samu abin rubutun.

Wannan shi ne ɗan abin da na gani. Wanda ya kalla ya ga saɓanin haka, ina maraba da gyara.